Musayar waƙa: Kwalejin mata ta Aligarh

Gimbiyar Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau Indiya za mu.

Da sunan Allah nake buɗe baiti,
In kai ku Aligarh, kwalejin mata.
Shehu Abdullahi da uwargidansa,
Wahid Jahan, su suka assasa ta.
A 1906 aka buɗe ƙofa,
Ɗalibai kaɗan, gidan haya aka ba ta.
Kujerar ɗauka da labule a rufe,
Haka ake kawo yarinya makaranta.
Mutanen gari na ta zunɗe da tsegumi,
Wai boko zai yaye lulluɓinta.

Ɗan Birni:
Gimbiya kin ƙetare teku da kogi,
Kin bar Asma'u 'yar Shehu a bayanki.
Jajinta da malfa suna zaga ƙauye,
Tun ba a haifi Abdullahin naki.
Ki fara share tsakar gida tukuna,
Kafin ki kai wa maƙwabta tsintsiyarki.

Gimbiyar Alƙalami:
Yaya Ɗan Birni, wa ya musa maka Nana?
Uwa ce gare mu, ba ma jayayya.
Kai da ke ta kirarin 'yan taru,
Mata nawa ka koya wa Fatiha ɗaya?
Yabon kaka ba ya cika tulu,
Ɗauki gugarka ka nufi rijiya.

Maman Ihsan:
Allah ya ƙara basira Gimbiya! Wallahi kin rufe masa baki. Duk mai ja da ke a zauren nan sai ya sha ƙasa.

Sarkin Yaƙin Ɗan Birni:
Haba Maman Ihsan, ai ko tari ta yi sai kin ce ta burge. Maigidana ya kawo hujja: Nana Asma'u ta rasu 1864, shi Abdullahi 1874 aka haife shi. A ba shi nasa.

Malam Na-Aruli:
Ku dakata. 'Yata Gimbiya, ɗangon da kika sa 1906 ya karye. Karanta shi da baki: alif ɗari tara da shida. Gaɓoɓin sun fi na ɗan'uwansa yawa. Kuma baitinki na farko bai tsaya a kan kari guda ba, kin fara kamar Mutaƙarab kika sake shi. Amsa-amon "ta" kam ya zauna daram.

Maman Ihsan:
Malam da girmanka, ana zancen ilimin mata ka kawo ma'aunin Halilu mai ilimin Aruli?

Makaɗan fada ba su san Halilu ba,
Kotso ke auna musu waƙa.
In an rera ta hau kunne,
Mene ne kuma na tuhuma da shaƙa?

Malam Na-Aruli:
Waccan waƙar baka ce, kiɗa ke ɗauke da ita. Wannan rubutacciya ce, kari ne gangarta. Kuma naki baitin ma, ɗango na uku ya gaza, "shaƙa" kuwa don amsa-amo kawai kika jawo ta.

Sarkin Yaƙin Ɗan Birni:
Gaskiya ne Malam. A duba na maigidana, ko ɗingishi babu.

Malam Na-Aruli:
Akwai. Ɗangonsa na ƙarshe ya yi tsawo.

Bahaushen Mai Wurno:
Ku yi haƙuri, sai yau na samu intanet. Ga namu na Sudan:

Shekara guda bayan ta Aligarh,
Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a.
'Yan mata 17 ya tara a gidansa,
Tara nasa ne, takwas na jama'a.
Irin da ya shuka shi ya zama Ahfad,
Jami'ar mata, Allah ya yi mata sa'a.

Gimbiyar Alƙalami:
Madalla ɗan'uwa, ka dawo da mu hanya. Baba Malam na karɓi gyara, amma shekarun ba zan cire su ba, tarihi nake bayarwa. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin makarantar Aligarh shi ne wannan:

Sarauniyar Bhopal, Sultan Jahan,
Rufi 100 duk wata ta yanka mata.
A 1914 ta zo da kanta,
Ɗakin kwanan ɗalibai ta buɗe a cikinta.
Wane uba zai ba da 'yarsa ta kwana,
A wani gari, ba dangi kusa da ita?
Sai Wahid Jahan ta kwashe kayanta,
Ta tare cikinsu da 'ya'yan cikinta.
Ita ke duba ci da sha da salla,
Mai zazzaɓi ita ke jinyarta.
Ala Bi suke ce mata, shi Papa Mian,
Iyaye suka ga amana suka yarda da ita.
A 1937 aka kai ga digiri,
Makarantar haya kwaleji ake kiranta.

Ɗan Birni:
Na ji Ala Bi, na sara mata,
Mai tarewa da ɗalibai uwa ce ta gaske.
Amma Gimbiya ban sauka ba,
Nana ba ta jira rufi ba ta ba da haske.
Tambayarki kuwa ga amsa:
Ƙannena uku, ni na biya musu allo har sauka.

Malam Na-Aruli:
Ɗan Birni, ka fara da "ke" ka ƙare da "ka". Gyara ɗangon nan kafin Gimbiya ta amsa.