Wai nawa ake biya a je sararin samaniya yawon buɗe ido?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare a teburin mai shayi gardama ta kaure tsakanina da abokina, shi wai ya gani a Facebook dala dubu 250 ta isa mutum ya je sama ya dawo, ni ko na ce ƙarya ne don miliyoyi na ji ana biya, har indomina ta huce muna ta musu kuma mun ƙulla wanda ya faɗi shi zai biya shayin sati guda. Dan Allah masana ku raba mu, nawa ne ainihin kuɗin? kuma in mutum na da kuɗinsa tikiti kawai zai yanka kamar na jirgin Abuja ko sai da hanya?

Injiniya:
Wa alaikumussalam. Kowannenku da gaskiyarsa, tafiyar ce iri biyu.

Akwai ta leƙe, a cilla ka sama ka ga baƙin sarari da lanƙwasar duniya, jikinka ya rasa nauyi na minti uku ko huɗu sai a dawo da kai. Ita abokinka ya gani. Kamfanin Virgin Galactic na Richard Branson sun sayar da kujera dala dubu 200 zuwa 250 a da, a 2021 suka mai da ita dubu 450, daga baya aka koma maganar dubu 600, kuma tun watan Yunin 2024 suka ajiye jirgin suna ƙera sabo. Blue Origin na Jeff Bezos su ba sa faɗin farashi a fili, amma kujerar tashin farko a 2021 gwanjonta aka yi ta kai dala miliyan 28, tafiyar duka daga tashi zuwa sauka minti 10 zuwa 11 ce, suna ɗan haura nisan kilomita 100 daga ƙasa.

Taka kuwa ita ce ta zuwa ISS, wato tashar ƙasa da ƙasa da ke zagaya duniya a sararin samaniya, a kwana a can. Dennis Tito ɗan Amurka shi ya buɗe ƙofa a 2001, wajen dala miliyan 20 ya ba Rashawa suka ɗauke shi a kumbon Soyuz ya yi kusan kwana 8. A 2022 mutum uku da kamfanin Axiom ya kai a kumbon SpaceX an ce miliyan 55 kowanne ya zuba.

Kar ka ce tsawon kwana ne ya kawo bambancin, gudu ne. Na leƙe yana yin kamar kilomita 3,500 a awa ya faɗo abinsa kamar dutsen da yaro ya jefa, amma kafin kumbo ya zauna yana zagaya duniya sai ya kai kilomita 28,000 a awa, to man da roka zai sha da garkuwar da za ta tare zafi in ana dawowa su ke cinye kuɗin. Kuma na ISS ba ka biya yau ka tashi gobe ba, sai likitoci sun duba ka ka yi watanni kana horo.

Uwar 'yan biyu:
Kai jama'a. Na danna kalkuleta, dala dubu 600 in an yi canji a 1,500 naira miliyan 900 kenan fa. Kujerar Hajji ta 2025 miliyan takwas da ɗoriya aka biya a nan Arewa, wato mutum sama da ɗari za ka sauke wa farali da kuɗin leƙen da ko shinkafa ba ta tafasa ba an dawo da kai ƙasa. Ni wlh lilon yara na sallah ma juwa yake sa ni.

Bakanike:
Hajiya mai kuɗi ai ba ya lissafi irin namu. Kuma kar a ɗauka 'yan Amurka da Turai ne kaɗai, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya je tun 2002, sannan a Yunin 2025 wani lauya ɗan Najeriya Owolabi Salis ya hau na Blue Origin ɗin. Ni abin da ke damuna sallah ce, Injiniya an ce a tashar nan rana na fitowa sau 16 a yini, asuba 16 mutum zai yi ko yaya?

Injiniya:
Hhh a'a. Minti 90 suke zagaye duniya shi ya sa. Lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Malesiya ya je a 2007, cikin azumi ma, malaman ƙasarsu sun zauna sun fitar da jagora, salloli biyar ne a awa 24 bisa lokacin inda aka harba kumbon, alƙibla kuma gwargwadon iko. Shi dai gwamnati ce ta tura shi ba aljihunsa ba.

Ɗan Fagge:
Na gode Injiniya Allah ya ƙara basira. Amma fa ba ka raba gardamar ba, na tura masa yanzu ya ce tunda na dubu 250 ɗin ya taɓa wanzuwa shi ya ci, ni kuma na ce leƙe ba zuwa ba ne. Mai shayi ya ce shi dai a biya shi na jiya tukuna.