Neman shawara: kiwon kyankyasai don bincike a sanyin Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibar digiri na biyu ce ni a nan Jos, ina gwada ko man darbejiya na kashe kyankyaso. Malamina ya ce sai na kiwata nawa, don na gidajen mutane ba a san kwanakinsu ba, ba a san maganin da suka sha suka rayu ba. To akwatin ɗumama na sashenmu ya lalace, wuta kuma sai a hankali. Na tara guda 60 a bokiti tun Disamba, sun lafe kamar matattu, ba ƙwai, wasu ma sun tsere. Hajiyarmu ta rantse ba za su kwana mata a gida ba. Wane kaya ne dole, wanne zan iya haƙura da shi?

Tsohon ma'aikacin lab: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, wane iri kika tara?

Mai tambaya: Manyan jajayen nan na masai, Baba.

Tsohon ma'aikacin lab: Nan gizo ke saƙar. Wannan shi ne Periplaneta americana, daga ƙwai zuwa girma yana cin wata shida har shekara, kuma kwanson ƙwansa bai cika wuce 'ya'ya 16 ba. Sai ki gama karatun ba su tara miki komai ba. Nemi ƙananan na kicin masu zane biyu baƙi a bayan kai, Blattella germanica. Macen tana yawo da kwansonta har dab da ƙyanƙyasa, 'ya'ya 30 zuwa 40, kuma wata biyu ya ishe su girma in akwai ɗumi. Ki sa burodi da ayaba a kwalba, ki shafa basilin a bakinta ta ciki, ki ajiye bayan firjin wata mai abinci. Basilin ɗin nan ne zai hana su tserewa daga bokitin ma. Ki jera musu kiret ɗin ƙwai na kwali su ɓuya, abincin kaji, da auduga jiƙaƙƙiya. Kada ki ajiye ruwa a buɗe, ƙananan nutsewa suke.

Maƙwabcinku a Bukuru: Zo ɗakina ki kwasa kyauta, har kuɗin cizo zan ƙara miki gyara.

Malama mai koyar da ilmin halittu: Sanyi ne ya kwantar da su. Jos tudu ce, kusan mita 1,200, daren hunturu yana sauka ƙasa da digiri 15, su kuwa 25 zuwa 30 suke so. Kafinta ya haɗa miki akwatin katako, ki sa ƙwan lantarki mai zafi, irin na masu kiwon 'yan tsaki. In an ɗauke wuta, jarkar ruwan zafi naɗe da tawul. Abin da ba zan yafe miki ba shi ne ma'aunin zafi da laima, ki rubuta safe da yamma, don ranar kare bincike sai an tambaya.

Tsohon ma'aikacin lab: Malama, a ƙara da kifa gwangwani a kan ƙwan. Haske dare da rana yana rikita su, awa 12 haske awa 12 duhu ake yi.

Wani ɗan uwa daga Abuja: Kada ki manta rukunin da ba a sa wa magani ba. In wasu sun mutu a ciki, ki gyara lissafi da ƙa'idar Abbott ta 1925, wadda ke cire mutuwar da ba maganin ne ya jawo ta ba. In sun haura kashi 20 cikin 100, ki sake gwajin. Wajen ƙirga su, ki ɗan sa su a ƙanƙara su suma. Madubin ƙara girma kuwa ba sai kin saya ba, ki karɓi takarda daga shugaban sashe ki gwada cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Ki riƙa sa takunkumi, kashinsu na tayar da asma.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, manyan da suka rage fa, in zuba su a sifirit ko in sake su?

Maƙwabcinku a Bukuru: Sifirit, don Allah.