Malamina na zane ya rasu, me ya kamata in yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya malamin da ya koya mana zane a sakandare ya rasu. Ni ɗan unguwar Kwarbai ne a Zariya, da fenti da buroshi nake ci da iyalina, ina rubuta allunan shaguna a Sabon Gari, kuma shi ne sila. Ranar da ya kama ni ina zana dagi a bayan littafin lissafi na ɗauka bulala zan sha, sai ya miƙo mini fensirinsa. Duk Asabar yakan zaga da mu cikin birni, mu tsaya gaban tsofaffin soraye muna kwafar zanen bango, ba ya barin kowa ya taɓa takarda sai ya ƙare wa bangon kallo. Rabona da gaishe shi shekara bakwai, abin da ke cin raina ke nan. Me zan yi masa yanzu?

Wata uwa daga Gyallesu: Allah ya jiƙansa. Ɗana, fara zuwa gidan tukuna. Ka yi wa iyalinsa ta'aziyya, ka riƙa masu ɗan abin sadaka, ka gaya masu labarin fensirin nan. Mai yiwuwa ba su taɓa ji ba.

Wani daga Samaru: Ni a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu. Tun 1958, kafin a kafa jami'ar a 1962, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suna ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar suka kafa ƙungiya, suka dage sai an haɗa fasahar gida da ta Turawa. Hanyar da malaminka ya ɗora ku ke nan. Ka tambayi iyalinsa ko ya bar zane-zane, ka ɗauki hotonsu kafin gara da damina su gama da su.

Wani tela a Tudun Wada: Malam, shagonka ba yara ke leƙowa ba? Ɗauki ɗaya. Amma ka nemi izinin ubansa, kuma kada ka mai da shi ɗan aike. Ni shekara biyu na yi ina sayo wa maigidana koko kafin ya bar ni na hau keke.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, gobe bayan La'asar zan je insha Allahu. Akwai wani almajiri da ke tsayawa yana kallona kullum, zan nemi malaminsa.