Musayar Waƙa kan Conrad Veidt, Mugun Casablanca

Dattijon Zaure:
Ku matso, 'ya'yana, fage ya sami buɗewa,
Conrad Veidt, ɗan wasan fim na Jamus, za mu yi wa tunawa.
A Berlin, 1893, aka yi haihuwa,
Gun Max Reinhardt, daraktan wasan dandamali, ya koyi dabarun fitowa.
A fim ɗin Caligari, 1920, ba a jin muryar kowa,
Ido da kafaɗa kaɗai suka yi firgitarwa.

Mai Kwalliyar Fim:
Baba, ka tsallake 1928, bari in yi cikawa,
The Man Who Laughs, can aka yi wahalarwa.
Haƙoran jabu da ƙugiyar ƙarfe aka yi maƙalawa,
Su ja gefen baki sama, murmushi ba saukowa.
Da su a baki magana ba ta yiwuwa,
Da fim mai sauti ne, da dabarar ta yi rushewa.

'Yar Gidan Kallo:
Yaya, nawa baitin na 1933 ne, shekarar rabuwa,
Ya auri Lily Prager, ɗiyar Yahudawa.
Takardar 'yan Nazi ta nemi asalin kowa,
Ya rubuta Bayahude, ko da ba nan ya yi fitowa.
Ingila ya nufa, a 1939 ɗan ƙasarta ya yi zamowa,
Dukiyarsa ya zuba don a yaƙi Nazawa.

Malamin Dandamali:
Ƙanwata, ga sirrin Manjo Strasser, hafsan Nazi da Veidt ya taka, in kina biyowa,
A fim ɗin Casablanca, 1942, ba ya yawan tsawa.
Murya ƙasa-ƙasa, da ladabi a gaisawa,
Baya a miƙe, hannu ba ya yawan motsawa.
Ya yi tambaya, ya yi shiru, ya bar ka da tsorata kanka da kanka, ba taɓawa.
Mai koyo kan ɓata aikin da ihu da zaburowa,
Mugu in ya cika hargagi, dariya yake jawowa.
Kamfanin fim na MGM ya ara wa na Warner Veidt, ba a yi ragawa,
Dala 5,000 duk mako aka yi ta ƙirgawa.

Mai Kwalliyar Fim:
Malam, kuɗin na ji, amma akwai takurawa,
Karin harshen Jamus a Turanci ba ya ɓoyuwa.
Janar a Escape, tagwaye a Nazi Agent, ana ta maimaitawa,
Mai iya taka kowane hali an bar shi da tsoratarwa.

Dattijon Zaure:
Haka ne, ɗana. 3 ga Afrilu, 1943, ya yi faɗuwa,
A filin golf, Los Angeles, zuciya ta yi tsayawa.
Shekara 50 gare shi. Kambun Oscar na Casablanca kuwa,
Sai 1944 ya zo, bai kai ga shaidawa.