Shin wanda ba ya jin ciwon komai yana buƙatar gwajin suga?

Abu Sadiya, Katsina:
Assalamu alaikum. Shekaruna 47, ban taɓa kwanciya a asibiti ba, amma a watan jiya an gano yayana yana da ciwon suga bayan wani ɗan miki a yatsan ƙafarsa ya yi wata biyu bai warke ba. Mahaifiyarmu ma da shi ta rasu. Maiɗakina ta matsa mini in je a auna ni, ni kuwa ba na yawan fitsari, ba na rama. Shin akwai buƙata?

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba yaya lafiya. Gaskiya tana wurin maiɗakinka, domin irin sugan da ke kama manya yakan shafe shekaru yana lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa kafin ƙishirwa da fitsarin dare su bayyana, kuma wanda ya haura shekara 35, ga gado ta wajen uwa, bai kamata ya jira alama ba.

Ka je da sassafe bayan awa 8 ba ka ci komai ba sai ruwa. Idan aka samu 126 mg/dL (ma'aunin yawan suga a jini) ko fiye, za a maimaita a wata rana kafin a tabbatar ciwon suga ne. Daga 100 zuwa 125 kuwa mutum yana bakin gaɓa, inda gyara cima da tafiyar ƙasa kan yi tasiri sosai. Wasu na'urorin da mmol/L suke awo, a can 7.0 ita ce daidai da 126, saboda haka ka tambaya kafin hankalinka ya tashi.

Dattijon Ƙofar Ƙaura:
Ɗana, ni na yi kuskuren shan shayi mai suga bayan sallar asuba, a zatona shayi ba abinci ba ne, sai da na sake komawa washegari. Daga baya likita ya rubuta mini gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku, kuma shi ba ya buƙatar zama da yunwa.

Maman Ilham:
Haka ne, Baba, a wannan gwajin 6.5 cikin ɗari ko fiye ke nuna ciwon suga. Malam, ka tafi tare da maiɗakin naka, musamman idan ta taɓa yin suga lokacin goyon ciki ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4.

Abu Sadiya:
Na gode ƙwarai. Autarmu kilo 4 da rabi aka haife ta. Ranar Litinin za mu je tare, in sha Allahu.