Awaki sun ɓare ɓawon mangwarona, amma ganyensa na nan kore shar

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin mangwaro mai aure a bayan gida, kaurinsa bai wuce damtse ba. Da rani awaki suka shiga suka cinye ɓawonsa, sun kewaye gindin kaf sai farin itace. Na ɗauka ya mutu, sai ga shi har yau ganye bai yi yaushi ba, har fure ya yi. Ya warke ke nan, ko da sauran magana? Ina ji da bishiyar nan, da hannuna na dasa ta.

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam Malam. Kada koren ganyen ya ruɗe ka. Hanya biyu ce a jikin bishiya. Ruwa da gishirin ƙasa suna hawa daga saiwa ta cikin itacen, wato jijiyoyin da ake kira zailam, kuma awaki ba su taɓa su ba, shi ya sa ganye ke samun ruwa. Abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana kuwa ta cikin ɓawo yake sauka, ta jijiyoyin fuloyem, nan ne aka yanke. Yanzu saiwa na cin abin da ta tara ne. Idan ya ƙare za ta mutu, sannan sama ya bushe, wani lokaci bayan watanni da yawa. Furen ma na da dalili: sukarin da ya kasa sauka ne ya taru a sama.

Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn fallen nama mai santsi, kambiyom. Shi ke haifar da sabon itace ta ciki, sabon ɓawo ta waje, shi ke sa bishiya kauri. Duba da kyau, in akwai ko da zirin ɓawo ɗaya da ya haɗa sama da ƙasa, akwai fatan bishiyar ta rayu.

Baba Mai Dashe: Gaskiya Malama ta faɗa. Ɗana, ka yi masa gada. Yanko 'yan rassa masu kaurin fensir daga jikinsa, ka fere bakin kowanne, ka cusa ɗaya bakin a ƙarƙashin ɓawon sama, ɗayan a na ƙasa. Kada ka juya reshen, gindinsa ya kalli ƙasa. Ka ɗaure da leda sosai. Farkon damina ya fi, lokacin ɓawo na saurin ɗagowa. Kada ka shafa baƙin mai. In ya yi toho daga ƙasan wurin auren, ka sani ɗan gida ne mai zare zai ba ka. Abin da ke ci min rai masu sassaƙe ne, sai su kewaye maɗaci gaba ɗaya, alhali gefe ɗaya ya ishe su.

Mai Lambu: Na gode ƙwarai. To Malama, me ya sa ba a yi wa dabino aure?

Malamar Kimiyya: Ba shi da wannan kambiyom ɗin. Dabino, giginya, dawa, masara da rake dangi ɗaya ne ta wannan fuska. Karya karan dawa ka dubi totuwarsa, za ka ga zare-zare a warwatse. Kowane zare na ɗauke da hanyar ruwa da ta abinci tare, ba a jere suke a da'ira kamar na mangwaro ba. Babu wurin da reshe biyu za su haɗe su manne. Dabino daga ƙoƙon kansa kaɗai yake ƙara tsawo, in aka sare kan, wannan gangar ta mutu. Shi ya sa ake cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsa a dasa.