Tun daren da ɓarayi suka shigo mana ɗana ya canza, in kai shi asibiti?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ɗana shekararsa 8. Fiye da wata biyu ke nan da ɓarayi suka haura mana gida cikin dare, a gaban idonsa suka doki babansa. Alhamdulillahi maigidan ya warke, amma yaron ya zama wani daban. Ba ya yarda a kashe fitila, yana firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance alhali ya daɗe da dainawa. Da safe kuma sai ciwon ciki, don kada ya je makaranta. Babansa ya ce ai namiji ne, zai manta. Surukata ta ce shafar iska ce, a ba shi rubutu. Ni hankalina ya fi kwanciya da likitan ƙwaƙwalwa, sai dai ina tsoron a ce ɗana ya taɓu. Me kuka gani?

Wata kaka: Allah Ya tsare gaba, 'yata. Ki riƙa tofa masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, ki shimfiɗa masa kusa da ke, ki bar masa fitilarsa. Kada a doke shi kan fitsarin nan, kuma ki hana 'yan uwansa kiransa amalala.

Wani magidanci: Hajiya, ki yi haƙuri ki ba shi lokaci. Ƙwayoyi kawai za su ɗura wa yaro a can.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ba haka abin yake ba. Yaron da ya razana irin wannan, yawanci da hira da wasa da zane ake fara yi masa aiki, kuma da iyayensa a ciki. 'Yar uwa, firgita a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Abin da muke dubawa shi ne: ta wuce wata guda? Ta taɓa barcinsa, cin abincinsa ko karatunsa? Ya koma wata ɗabi'a da ya riga ya bari? Naki ya haɗa duka, don haka ni ban ga dalilin ƙarin jira ba.

Ki fara da likitan yara. Ya auna fitsarinsa da sukarinsa, domin ƙwayoyin cuta a mafitsara, ciwon suga, sikila, har da taurin bayan gida kan jawo fitsarin kwance. In an ga lafiya lau, ki nemi ya tura ku ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Addu'ar da Kaka ta faɗa ki ci gaba da ita, ba ta hana ganin likita. Amma duk wanda ya ce zai yi masa turaren barkono ko duka don fitar da iska, ki ɗauke ɗanki. In kuwa kika ji yana maganar mutuwa ko cutar da kansa, ranar nan za ki kai shi.

Malamin firamare: Ki sanar da malamin ajinsu a keɓe. Mu kan ɗauka taurin kai ne mu sa bulala, alhali ba mu san abin da ya faru a gida ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. To babansa fa? In na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa ba zai yarda ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ki ce masa za ki kai yaro a duba fitsarinsa, kuma gaskiya kika faɗa. Ki lallaɓa shi ku tafi tare, ya ji sauran bayanin daga bakin likita. Shi ma ki lura da yadda yake barci, don shi aka doka.